Harafi ɗaya a bangon Malam Isufu

Jiya da muka tashi daga horo na ji ɗaya daga cikinku, ba zan nuna shi ba amma ya san kansa, yana gaya wa abokinsa wai aikin rigakafi ko ɗan lakkol, wato ɗan makaranta, zai iya: ɗigo biyu a baki ko allura a dantse, tawada a yatsa, alli a bango, sai gida na gaba. Ban tanka masa ba saboda rana ta yi zafi kuma mai kabu-kabu yana jirana. Yau ina da lokaci. Na fi shekara ashirin ina bin ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi da akwatin sanyi a kafaɗa, kuma allurar ita ce abu mafi sauƙi a cikin aikin duka. Ana koyon ta a mako guda. Sauran kuwa har yau ina koyo.

Abu na farko da aka damƙa mini ba allura ba ce, gilasiya ce, wato akwatin sanyin da ake zuba magani. Shekara biyu ina ɗauke da ita kafin a yarda in taɓa jikin ɗan kowa. Kuna ganinta kamar kwanon abinci, amma ta fi jariri son a lallaɓa ta. Ba a aje ta a rana, ba a buɗe ta don a nuna wa mutane, ba a ɗaure ta kusa da injin moto, wato babur. Kowace kwalba tana da ɗan tambari a jikinta, in ya yi duhu maganin ya mutu, sai zubarwa. Maganin ƙyanda, wadda mutanen ƙauye ke kira dussa, shi ya fi duka saurin fushi. Gari ne a kwalba, kana haɗa shi da ruwansa ka fara duba agogo, domin bayan awa shida ba ya shiga jikin kowa. Ku riƙe zancen awa shidan nan, zai dawo.

Wanda ya koya mini aiki Baba Ishaya ne, mutumin Tsibiri, dogo, mai tafiya kamar ba inda za shi. Kirista ne, amma ban san ƙauyen da liman bai shimfiɗa masa tabarma ba. Ni kuwa ’yar unguwar Zariya ce ta cikin Maraɗi, na fito da takardata, ina jin babu abin da ƙauye zai koya mini. Ranar farko muka shiga wani gari, na sauke gilasiya ina jira ya ce buɗe. Sai ya zauna. Ya tambayi ruwan bana, ya tambayi gero, ya tambayi ƙafar maigari da ke ciwo tun bara, har akuyar da aka sace a zuwansa na baya sai da ya tambaya ko an gan ta. Aka kawo ruwa a ƙwarya, ja kamar an dama ƙasa. Ya sha, ya miƙo mini, na ce na ƙoshi. A hanyar dawowa ya ce, "Mariyama, in kin ƙi ruwansu, don mi za su amshi naki?" Tun ranar nake shan ruwan kowane gari, kuma cikina ya yi ta kawo ƙara har ya gaji ya daina.

Mutanen da za ku tarar ba wawaye ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Wani magidanci ya taɓa tsare ni a ƙofarsa ya ce ɗansa ya yi zazzaɓi ya kai shi likita, wato asibiti, ba wanda ya dube shi sai da rana ta raba, yanzu kuma yaro yana lafiya ga shi an biyo shi har gida da magani. Ya ce in gaya masa dalili. Wata ta ce an ce abin yana tsayar da haihuwa. Wata kuma ɗanta ya yi zafin jiki bayan allura, alhali wanda ya yi masa ya rantse mata ba abin da zai ji. Baba Ishaya ba ya musu da kowa. In aka kawo zancen haihuwa sai ya kira wata mata ’yar garin wadda ya yi wa allura tana goye a baya, ga ta yanzu da nata biyar, ya bar su su yi zancen a tsakaninsu. Zafin jiki kuwa tun kafin ya taɓa yaro yake faɗa: zai yi zafi, zai yi rigima, wurin zai ɗan tasa, kwana biyu ya wuce. Yakan ce uwar da aka gaya wa gaskiya tana dawowa.

Kuma ba mu taɓa shiga gari mu kaɗai ba. Kafin mu je, liman ya faɗa bayan sallar Juma’a, inda akwai majami’a fasto ya faɗa ran Lahadi, mai shela ya zaga. Sannan akwai wanzami da ungozoma, su ne suka san gidan da aka haihu tun kafin maigari ya sani. Su suke buɗe ƙofa, mu dai masu ɗauke da akwati ne.

Saura alli. Kowane gida muka gama sai mu rubuta a bango ranar da muka zo da yawan yaran da aka yi wa. In gida ya ƙi, akwai harafi guda da ake sawa, domin masu bin sawu su san inda za su koma. A wurinmu alama ce ta aiki kawai. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda take a idon mai bangon ba, sai a shekarar da dussa ta zo.

A shekarar Baba Ishaya ya riga ya aje aiki ya koma gonarsa, ni ce shugabar tawaga. Muka je wani ƙauye gabas da Jiratawa, ba zan faɗi sunansa ba. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar maigari tun da safe, mata suka yi ta zuwa. Da layi ya ƙare na duba rajista na ga saura yaro ɗaya a unguwar kudu: Isufu, wata goma, uwarsa Rabi. Kwalbar da na haɗa tun safe saura ƙasa da awa guda ta mutu, kuma akwai wata ruga a gaba da nake so in kai wa ragowar. Na ɗauki gilasiya na nufi gidan da sauri.

A zaure na tarar da mai gidan, wani dattijo, yana tufkar igiya da abokansa biyu. Shi ne surukin Rabi, mijinta kuwa yana ci-rani a Nijeriya. Na yi sallama guntuwa, na wuce bakin ƙofar ciki. Wata yarinya mai kamar shekara ashirin tana tankaɗe a tsakar gida, inda duk na zaure ke jin abin da za a ce.

"Ke ce Rabi? Ke ce uwar Isufu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina ɗan naki? Ɗauko shi."

Hannunta ya tsaya a kan rariya.

"Da ke nike magana. Kin yarda a yi ma Isufu allura ko ba ki yarda ba?"

Ta aje rariya ta shige ɗaki da gudu. Hirar zaure ta mutu. Dattijon ya ce, a hankali, "Madam, tsohuwa ta tahi rijiya. Ki ɗan jira ta."

Na ce, "Baba, ba tsohuwa nike nema ba. Takarda uwa ta ce."

Na duba agogo, na fita, na ciro alli na rubuta harafin nan a bangon zaurensa, babba, yadda za a hango shi daga hanya. Na kai maganin rugar kafin ya mutu, kuma na koma Maraɗi ina jin na yi aiki mai kyau.

Bayan kwana biyu masu bin sawu suka je da farar mota, ɗan aiken maigari yana gaba. Suka tsaya a ƙofar da ke da harafi, suka yi magana da ƙarfi, aka ambaci hukuma, unguwa ta fito kallo. Dattijon nan mai gidan bai taɓa ƙin allura ba a rayuwarsa, ’ya’yansa duka suna da tabonta a dantse. A ranar ya zama mai ƙi. Ya ce tunda an rubuta ya ƙi, to ya ƙi. Matarsa kuwa, Iya Tabawa, tsohuwar da aka ce in jira, ashe ita ce ungozomar unguwar kudu, ita ta yanke cibiyar kusan duk yaron da ke yawo a wurin. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai daina gaya wa mata ranar zuwanmu. Da muka koma zagaye na gaba, daga unguwar kudu ko mace ɗaya ba ta zo ba, kuma akwai jarirai da dama da lokacin allurarsu ya yi. A rahotona na rubuta cewa jahilci ne. Da hannuna na rubuta, kuma kunyar wannan kalma ba ta sake ni ba.

Dussa ta shigo da bazara. Ta fara a wani gari mai kasuwa, ta bi masu cin kasuwa gida. Wata safiya a likitar Jiratawa rele ɗinmu na ƙauyen, wato ɗan garin da ke taimaka mana da kiran mutane, ya gaya mini an binne wata yarinya, Hadiza, ’yar wata goma sha ɗaya. Ubanta yana cikin waɗanda suka bi bayan dattijon. Darni ɗaya ne ya raba gidansu da gidan da na sa wa harafi, kuma ta ƙarƙashinsa yara ke rarrafawa. Na duba rajista. Isufu har yanzu ba a yi masa ba.

Ban san abin da zan yi ba, sai na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri. Na tarar da Baba Ishaya yana sharar gona. Na zayyana masa komai, ina ta ɗora laifi a kan taurin kan mutanen ƙauye. Ya jingina da manjagara yana saurare har na gama.

"Yarinyar, haihuwarta ta nawa?"

"Ta hwari."

"Mi sunan yaron?"

"Isufu."

"Mai gidan hwa?"

Rele ya sha faɗa mini sunan, gidan Malam Isufu, gidan Malam Isufu, ban taɓa haɗa su ba.

Ya ce, "Ke kau, uwarki mi take ce ma yayanki?"

Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba. "Wancan" take ce masa. In ya yi ciwo kakarmu ke kai shi likita, ita tana daka tana yi kamar ba ta ji ba. Na tashi a cikin kunyar ɗan fari, na san ta kamar sunana. Amma da na riƙe rajista da agogo, sai na tsaya gaban surukin yarinya da abokansa, na kira ta uwa, na ambaci sunan ɗanta na fari, wanda kuma sunan surukin ne, har sau biyu, na ce ta amsa da bakinta. Ko wuƙa na sa mata ba za ta amsa ba. Yaron a wannan gida na kakarsa ne, ita ke goyonsa, ita ke cewa a yi ko a bari. Kuma mai gidan ya gaya mini haka, na ce takarda ba ta ce ba.

Baba Ishaya ya koma ga shararsa. Ya ce, "Gobe ki bar gilasiya Jiratawa. Ki tahi da hannunki kawai."

Washegari na tafi ba rigar aiki, ba rajista. Na bar abokin aikina a Jiratawa da gilasiya da moto, na ce ya jira saƙona. Na fara da gidan su Hadiza na yi gaisuwa. Uwar ta amsa, uban bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga nan na zagaya ƙofar Malam Isufu. Harafin yana nan fari tas, domin ruwa bai sauka ba tun da na rubuta shi. Daga baya na ji cewa shi ya hana a goge, ya ce wadda ta rubuta ita za ta goge.

Yana zaure. Na yi sallama cikakkiya a wannan karon, na durƙusa na gaishe shi, na nemi buta. Na jiƙa bakin mayafina na fara goge bango. Alli a bangon ƙasa ba ya fita, yana shiga ne cikin ramukan yaɓe, ina gogewa yana ƙara faɗi. Mutane suka fara taruwa. Na ji wata tana cewa, "Madam ce ta Maraɗi." Zufa ta jiƙa ni, ina ta gurza da hannu, har wata tsohuwa gajera ta fito daga ciki da dunƙulen laka a kasko ta aje a gabana.

"Wanga ba goge shi akai ba, yaɓe shi akai."

Na kwaɓa lakar na yaɓe wurin da tafin hannuna, yadda na ga ana yi. Ban iya ba, ya fito da tudu, yara suna dariya. Da na gama na juya ga mai gidan.

Ya ce, "Na hwaɗa miki ki jira tsohuwa."

"Ka hwaɗa, Baba. Ni ce ban ji ba. Ka gahwarce ni."

Ya aje igiyarsa. Sannan ya ce, "Ga ta nan. Ki yi magana da ita."

Iya Tabawa, tsohuwar da ta kawo mini lakar, ta kai ni ɗakinta, ta ba ni ruwa na sha. Yaron yana kan gadonta yana wasa da ludayi, ba ƙurji a jikinsa, ido garau.

"Yaron wa kinka zo nema?"

"Naki, Iya."

"To, yanzu kin yi magana." Ta gyara zama. "In anka yi mishi, ba ya yin dussa?"

Na ce in bai riga ya ɗauka ba, allurar tana kare shi. In kuwa ya riga ya ɗauka daga maƙwabta, ba zan yi mata alkawarin da ba nawa ba. Na ce ko ya tsira zai iya yin zafin jiki, kada ta ce na ɓoye mata.

Ta ce, "Cibiyar Hadiza ni na yanke ta. Da ban yi hushi ba, da na kai ta da kaina." Na ce fushin ni na kunna shi. Tsohuwa da ni, kowa da nasa kason, kuma har yau ina ɗauke da nawa.

Sai ta tashi ta goya yaron, ta ɗaure zani, ta fita. Ba ta ce in bi ta ba. Ina tsaye a ƙofa ina jin muryarta gida-gida, tana kiran kowace mace da sunanta, tana faɗin wane yaro za a fito da shi. Na aika wa abokin aikina. Kafin la’asar moto ya iso, kuma Malam Isufu da kansa ya ce a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurensa, a ƙarƙashin yaɓen nan nawa mai tudu. Jikansa aka fara yi wa, a cinyar kakarsa. Uban Hadiza ya kawo ɗan ƙanensa, ya riƙe shi aka yi masa. Mako biyu ina aika wa rele yana duba mini jikan Iya Tabawa kowace safiya. Ya yi zafin jiki kwana biyu, ƙurji bai fito ba.

Tun daga lokacin, kafin in buɗe baki a kowane gida nake tambayar rele ko wa ke da yaron, kuma ban sake sa harafin nan ba sai na koma sau uku. Takardar da za a ba ku gobe har yanzu "uwa" take cewa. Ba ta da gurbin kaka, ba ta da gurbin kunya, ku za ku sa su da kanku.

Rabi kuwa duk yinin ranar ban ga fuskarta ba. Tana can ƙarshen gida tana daka, ta ba mu baya, ko da yaron ya tsala kuka taɓaryarta ba ta tsaya ba. Na ce a raina ta ƙi ni, kuma tana da gaskiya. Da muka tattara kaya na bi ta bayan rumbuna zan fita hanya, sai na ji an ce, "Madam," ƙasa-ƙasa. Ita ce, ta laɓe a jikin rumbu, tana waige-waige.

"Ya yi kuka da yawa?"

Na ce kaɗan ya yi.

Ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa. "Rannan da kinka zo, tun da sahe na yi mishi wanka. Na sa mishi riga mai hwaɗin hannu don kada ki sha wuya. Ina jiran Iya ta komo daga rijiya."

Ta ji takun wani, ta ja mayafi ta shige gida. Gidan da na rubuta wa "sun ƙi" ke nan.